Zunubin Aro

"Inna, ki bi garin nan layi-layi, shago-shago, ki nemo min tela guda ɗaya da bai taɓa ƙarya ba. Wallahi za ki dawo gida ki same shi zaune a gabanki yana shan shayi!"

Tela ne ke wannan cika baki da sassafe, yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, tef ɗin awo rataye a wuyansa kamar da shi aka haife shi. Mahaifiyarsa tana bakin famfo tana wanke kofuna, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"To mun ji, sarkin masu gaskiya. Shanye ka tafi, rana na yi."

Abin haushin shi ne, gaskiya yake faɗa. Idan Tela ya ce maka ɗinkinka ranar Talata ne, to ranar Talatar za ka same shi a goge, a ninke, da ragowar ƙyallenka a cikin leda. Har kwastomomi sun fara zarginsa, suna cewa telan da ba ya saɓa alkawari akwai abin da yake ɓoyewa. Shekararsa talatin da ɗaya, daga gida sai shago sai masallaci, kuma duk ukun a layi ɗaya suke.

Wannan halin nasa ne ya kama Auta. Malamar firamare ce, 'yar autar gidansu, mai dariya da ido. Ta kawo masa ɗinkin kayan makaranta, ya ce Laraba, ta zo Laraba don ta kama shi, ta tarar da kaya a shirye. Tun daga ranar ba ta sake kai ɗinki wani wuri ba, shi kuma bai sake iya zura zare a allura ba in tana tsaye. Shekara biyu ana haka. Mamanta ta san da maganar, har tana kiransa "ɗan albarka".

Matsalar tana gareji.

Baban Auta tsohon ma'aikaci ne. Da ya yi ritaya sai ya sayar da motarsa, ya share garejin, ya shimfiɗa tabarmi, ya kafa ƙungiya mai suna Zauren Tubabbu. Kowa Shugaba yake ce masa, har matarsa in tana son ta ba shi haushi. Yayyen Auta uku duk 'yan Zaure ya ba wa.

Wata ranar Alhamis Auta ta biyo ta shago bayan an tashi makaranta, ta zauna a kan bencin kwastomomi, fuska ba walwala.

"Baba ya ce ba zai ba da ni ga wanda ba ɗan Zaure ba."

"Shi ke nan? Ai sai in shiga! Ni da ban taɓa..."

"Filis, kar ka fara. Wannan 'ban taɓa' ɗin naka shi ne abin da nake tsoro."

Bai gane nufinta ba sai ranar Asabar bayan la'asar.

Tsarin Zaure mai sauƙi ne. Ana yin zikiri, ana yin nasiha, sannan sabon shiga ya miƙe a tsakiya ya ba da labarin irin ɓarnar da ya tafka kafin Allah Ya shirye shi. Gwargwadon yadda labarinka ya sa jama'a salati, gwargwadon kusancin wurin zamanka da Shugaba. Wanda labarinsa bai motsa kowa ba, bakin ƙofa yake zama, wurin takalma, kuma ba a lissafa shi cikin 'yan Zaure. A hannun daman Shugaba kuwa wani dattijo ne ake kira Tsohon Direba. Shekara ashirin ya yi yana shan giya, ta raba shi da aikinsa, ta raba shi da matarsa. Ba ya son ba da labarin, in an matsa masa ya ba da, sai ya yini bai ci abinci ba.

Aka ce Tela ya miƙe. Ya miƙe, ya gyara murya.

"Jama'a, shekara uku da suka wuce, na taɓa ɗinka wa wani maɓalli da zare ruwan toka a maimakon baƙi. Na gani, ban faɗa masa ba."

Ana jira.

"Sai me ya faru?" in ji wani daga baya.

"Sai washegari na bi shi gida na faɗa masa."

Wani ya yi hamma har da hawaye. Shugaba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ɗana, mu nan ba tsarkaka muke tarawa ba. Wanda ya ce zuciyarsa ba datti, to nasa dattin ya fi na kowa, girman kai ne. Je ka zauna can, ka ƙara bincike."

Asabar huɗu Tela ya yi a wurin takalma. Ya san lambar ƙafar kowa, ya san wanda dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Yana nan zaune ya lura da wani mai gyaran waya, tsohon ɗan caca, da ke layi na biyu. Mutumin ya fara gaishe da Shugaba sau biyu a rana, kuma duk gaisuwa sai ya ƙara da, "Ya su Auta?"

Ranar Asabar ta biyar, Tela ya ɗaga hannu.

Ni dai zan yi masa shaida guda: da 'yar ƙaramar ƙarya ya yi niyya, wadda za ta ɗauke shi daga takalma ta kai shi ko layi na huɗu.

"Jama'a, na bincika. Na... na taɓa shan taba."

"Subhanallah!" in ji mutum ɗaya.

Mutum ɗaya tak! Amma jama'a, wanda ya yi wata guda yana gadin takalma, salati ɗaya ya ishe shi maye. Tela ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga yatsun ƙafa.

"Ba taba kaɗai ba. Har da giya."

"Subhanallah!" Wannan karon mutum goma.

"Da caca." Ya saci kallon mai gyaran waya. "Ba irin ta yara ba. Tamu sai an kwana uku ba a tashi ba."

Daga nan fa bakin ya ƙwace masa. Ashe telan da ya yi shekaru yana riƙe ƙarya, tara ta yake yi. Kafin a kira magariba ya zama shugaban 'yan fashi goma sha biyu, ana yi masa laƙabi da Almakashi, don duk aljihun da ya ratsa ba ya sake riƙe komai. Ya yi shekara bakwai a kurkuku, a can ma ya koyi ɗinki. Maza suka yi ta kuka. Mai gyaran waya ya sunkuyar da kai, ya san an gama da shi. Shugaba ya taso da kansa ya rungume Tela, hawaye na bin gemunsa.

"Shekara tara ina jiran irinka! Direba, ɗan matsa, ba shi wuri."

Tsohon Direba ya ɗaga ido ya dubi Tela, kallon da bai wuce ƙiftawa biyu ba. Ya naɗe 'yar dardumarsa ya koma baya.

Da yammar nan Shugaba ya shiga cikin gida yana murmushi har kunne, ya tarar da Mama da Auta a falo suna ninke wanki.

"Ku yi min murna, na yi wa Auta miji! Telan nan ashe zinariya ce. Ɗan fashi ne, na gaske! Shekara bakwai a kurkuku!"

Zanin da ke hannun Mama ya faɗi ƙasa.

"Wane telan? Ɗan albarka?"

"Shi fa. Almakashi ake ce masa."

"Innalillahi! Shi ne kake murna? 'Yar tawa za ka ɗauka ka ba wa ɗan fashi?"

"Tubabbe ne, ke ba ki gane ba."

"Tubabbe a garejinka, Shugaba, ba a ɗakin 'yata ba! Na yi shiru ka ba da ta fari ga mashayi, ta biyu ga ɗan daba, ta uku ga wanda har yau in ya zo gaisuwa sai na ɓoye rimot ɗin talabijin. Wannan kam ba da ni ba. Yaron da nake bari a falo shi kaɗai! Ke Auta, je ki duba min akwatin sarƙoƙina!"

Auta ba ta je duba komai ba. Ɗaki ta shige ta kulle, ta yi kuka har idanunta suka kumbura. A falo kuwa aka ja daga: uba ya rantse sai an yi, uwa ta rantse sai dai bayan ranta. Kwana uku Shugaba yana cin abinci ba gishiri, bai isa ya tambaya ba.

A waje ma labari ya zaga. Matan layi suka fara aiko yara su karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Mai shagon kusa ya sayo sabon kwaɗo, babba, yana kullewa yana yi wa Tela murmushi. Inna kaɗai ce ba ta ji ba, don ciwon gwiwa ya hana ta fita, kuma babu mai ƙarfin halin da zai kai mata.

Ranar Laraba Auta ta zo shago. Ba ta zauna ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ni ka yi wa ƙarya shekara biyu, ko Baba ka yi wa ranar Asabar? Zaɓi ɗaya."

Tela ya tsayar da keken ɗinki.

"Auta, sori. Wallahi ko warin giya ban sani ba. Saboda ke na yi. Wata guda ina gadin takalma, ga mai gyaran waya yana..."

"Saboda ni? Ni na aike ka?"

"To ki duba mana. Wa na cuta? Ban yi wa kowa ƙazafi ba, kaina na yi wa. Mutum ba shi da iko ya ɓata sunan kansa? Kuma zikirin da nake yi a can da zuciya ɗaya nake yi. Ƙofar ce kawai na shiga ta baya."

"Wa ka cuta?" in ji ta. "Mama kwana huɗu ba ta barci. Baba ya zubar da hawayensa a kan tatsuniya. Dattijon nan da ya yi asarar iyalinsa da gaske, ka tashe shi daga wurinsa da labarin bogi. Inna kuma fa, ranar da za ta ji? Sannan ka tsaya ana ambaton Allah kana shara ƙarya, ana yi maka kabbara!"

Ya kama murza tef ɗin wuyansa.

"Ni ba zan tona ka ba," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. "Bakin da ya ɗinka shi zai farke. Kuma ba zan aure ka a kan wannan ba, ko Baba zai ɗaure ni. Zan jira ka, ko shekara nawa ne. Amma Telana nake jira, ba Almakashi ba."

Ta juya ta fita. Ranar, karo na farko a tarihi, Tela ya ɗinke hannun riga a wurin wuya.

Asabar ta zo, ya fito da niyya mai kyau. Ya haddace jawabinsa tsaf: jama'a, ku yafe ni, ƙarya na yi. Kalma bakwai. Har gwadawa ya yi a gaban madubin shago.

Yana karyo kwanar gidan su Auta ya ja ya tsaya. An kafa rumfa a ƙofar gareji, an jera kujerun haya, an ɗaura lasifika a jikin katanga. Shugaba ya gayyato baƙi daga unguwanni uku su zo su ji yadda Allah Ya shiryi Almakashi. Mutane sun fi ɗari biyu.

Abin da Tela bai sani ba, a daidai lokacin Inna tana cikin gidan. Ta ga ɗanta ya daina cin abinci, ta ji an ce Maman Auta ta janye, sai ta ɗauki sandarta ta lallaɓo don ta ji laifinsu. Tana zaune a falo, an kawo mata ruwa, Mama tana ta kewaye-kewaye.

"Wato, 'yar'uwa, ba laifinki ba ne. Haihuwa ce, kowa da irin jarrabawarsa..."

"Wace jarrabawa kuma?"

A waje aka miƙa wa Tela makirfo.

"Jama'a... akwai abin da ban faɗa muku ba."

"Allahu Akbar!" Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. "Ashe akwai saura!"

Ya dubi fuskoki ɗari biyu, duk baki a sake. Ya dubi Shugaba, wanda tuni ya fito da hankici yana shiri. Kalmomi bakwai ɗin nan suka tattara suka gudu.

"Wato... ranar da aka kama ni. 'Yan sanda mota biyar suka kewaye mu. Na haye bene mai hawa uku, na diro a kan babur, na ja shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina..."

A falo Inna ta ajiye kofi.

"Wannan ba muryar ɗana ba ce?"

"Shi ne," in ji Mama a hankali. "Abin da nake son in faɗa miki ke nan. Shekara bakwai ɗin da ya yi a kurkuku..."

"A ina?"

Ciwon gwiwa dai ba a san inda ya shiga ba. Mutanen da ke bakin rumfa sun ce sai ganin tsohuwa suka yi ta ratso tsakiyar maza, sanda a sama, Mama da Auta na biye da ita.

"Kai! Ajiye abin nan!"

Tela ya juyo. Makirfo bai faɗi ba, amma da ya faɗi da ya fi masa, don duk abin da ya biyo baya unguwa uku sun ji shi tar.

"Inna... me ya kawo ki?"

"Kurkukun na zo gani! Shekara bakwai? Wace shekarar ka tafi, ban sani ba? To wane ne yake kwana a ɗakin da ke kallon nawa, yana minshari, tun ranar da aka yaye shi? Wa yake shafa min man zafi a gwiwa kowace safiya? Aljani?"

"Hajiya, a yi haƙuri," in ji Shugaba, yana miƙewa. "Uwa ba ta sanin komai. A can ma ya koyi ɗinki."

"A can ina? Ƙanena ne ya koya masa, a zauren gidanmu! Ranar da allura ta fara soke shi suma ya yi, sai da muka yayyafa masa ruwa! Wannan ne shugaban 'yan fashi? Yaron da in an yanka kaza sai ya shiga ɗaki ya toshe kunne?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, na kusa da shi ya kama, kafin ka ce me rumfa ta kece. Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi Auta. Ita ba dariya take yi ba, kallonsa kawai take, tana jira.

Ya ɗaga makirfo.

"Jama'a, ku yafe ni, ƙarya na yi. Duka. Ban taɓa sata ba, ban taɓa shan komai ba. Auta nake so, na ga ba a shiga nan sai da zunubi, ni kuma ba ni da na kirki, shi ne na ara."

Fuskar Shugaba ta yi jawur. "A gabana? A Zaurena? Ka sa na yi kuka sau biyu! Fita! Kuma maganar Auta..."

"Shugaba, a ba ni minti ɗaya."

Tsohon Direba ne, daga layin baya. Ya miƙe a hankali.

"Tun ranar farko na san ƙarya yake. Wanda ya sha abin nan da gaske ba ya ba da labarinsa yana murmushi. Yaron ya yi laifi, ba shakka, ƙarya a wurin ambaton Allah ba wasa ba ce, ko a kan kanka ka yi ta. Amma ya zo mana da gaskiyarsa, muka tura shi wurin takalma. Ya zo da ƙarya, muka rungume shi. Mu muka nuna masa farashin shiga. Ni da za a ba ni irin tarihinsa na zare ruwan toka, wallahi da na ba da wurin zamana har abada. Abin da Allah Ya rufa wa bawa, mu daina sa shi yana tallarsa."

Shugaba ya cire tabarau, ya goge, ya daɗe bai mayar ba.

Mama ce ta fara magana, daga bayan Inna.

"Ni dai in ƙarya ce, alhamdulillahi, na ba shi! Yau aka fara kawo min surukin da ba sai na ɓoye komai ba."

"Ai yanzu ya cancanta ma, Shugaba," wani ya ɗaga murya. "Ya samu zunubi nasa na kansa, kuma ya tuba a gaban mutum ɗari biyu!"

Shugaba ya yi gyaran murya irin ta wanda aka ci da yaƙi amma bai yarda an ga haka ba.

"Wata shida a wurin takalma. In ya cika ba ƙarya ko ɗaya, a turo manya. Direba, dawo wurinka."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba: ba ta tona shi ba, ba ta kuma karɓe shi a kan ƙarya ba, sai ga shi ta samu mutumin da ta jira. Duk wurin da sai ka yi ƙarya za a buɗe maka ƙofa, ba kai aka karɓa ba, wani aka karɓa da sunanka, kuma kai za ka yi ta ciyar da shi har ranar da za a kama ku tare.

Ana naɗe tabarmi, Shugaba ya matso kusa da Tela, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman a rage masa asara.

"Ɗana, tsakaninka da Allah. Duk cikin labarin nan, babu ko guda ɗaya na gaskiya?"

Tela ya dubi Shugaba, tausayi ya kama shi. Ya sosa ƙeya.

"To... babur ɗin dai, Baba, na ɗan taɓa ja da gudu."

"Ƙarya yake!" in ji Inna daga bakin ƙofa, ko juyowa ba ta yi ba. "Ko keke bai iya ba, sai na ɗinki! Shugaba, wata shidan nan a fara ƙirgawa daga gobe."